Harshen Aro

Parvan, mijin yayata Ginka, shekara talatin da shida ya yi yana ɗanɗana giya a wata masana'anta a birni. Aikinsa ke nan, a kansa ake ba shi albashi. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye, ya dubi sama, sannan ya faɗi abin da ke damun tankin. An ce akwai ranar da ya sa aka zubar da tanki guda don ya ce an canza sabulun wanke bututu. Aka bincika, aka tarar an canza ɗin. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu a nan tsaunukan Rodopi, sai mutane suka mai da shi alƙali. Mai zuma ya kawo zumarsa, mai cuku ya kawo cukunsa, wanda ya dafa rakiya, wato barasar 'ya'yan itace ta ƙasarmu, ya kawo kwalba. Abin da Parvan ya faɗa ya zauna.

Ni kuwa Strahil, bas na tuƙa shekara talatin tsakanin Smolyan da Plovdiv, abincin tasha ne ya raine ni. Bakina ba ya zaɓe. Kowace kaka ina dafa rakiyata da tuffan lambuna, kowace kaka Parvan ya kurɓa ya ce in zuba a injin bas.

Ginka ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bayan shekara biyu da rasuwarta Parvan ya yi wata mura mai nauyi a tsakiyar lokacin ƙanƙara, ya kwanta mako uku, ya tashi. Na kai masa rakiyata don in taya shi murna. Ya kurɓa, ya dubi sama, ya ce, "Ba laifi."

Na ajiye kofina. Na ce, "Parvan, me ke damunka?"

Ya ture kofinsa gefe. Sannan ya ce tun murar nan hancinsa ya mutu. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. A baki yana ɗan gane gishiri da zaƙi daga nesa, kamar mai jin rediyon maƙwabta, sauran duk ruwa ne, wani mai sanyi wani mai ɗumi. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a.

Ya ce, "Kada ka faɗa wa kowa, direba."

Na ce, "To in an kawo maka zuma fa?"

"Sai ka zauna kusa da ni."

Haka muka yi shekara biyu. In an kawo abu, a zuba masa a zuba mini don ina wurin. In ya yi mini daɗi in taka ƙafarsa sau ɗaya a ƙarƙashin tebur, in bai yi ba sau biyu. Shi kuma ya ɗauki wannan ya sa masa riga da wando. Daga taku biyu Parvan yana iya yin bayanin minti goma a kan ganga da ba a shanya da kyau ba. Babu wanda ya gane. Abin da kawai na lura shi ne rakiyar ƙauyen ta fara komawa irin tawa.

Bara ne 'yarsa Ralitsa ta ajiye aikin gwajin ruwan sha da take yi a Plovdiv ta dawo gida. Ta karɓi tsohon ɗakin da ake tara madara a bakin rafi, ta wanke shi, ta kafa tukwanen ƙarfe uku, ta fara dafa giya irin wadda matasan birni suke so yanzu, mai gauraye, wadda ba a tace ba, kowace da sunanta. Ta iya. Amma abin da ya dawo da ita daban ne: so take ta dafa giya da shayin uwarta.

Shayin Ginka duk kwarin nan an san shi. Kowace bazara takan hau dutse ta tsinko wani ganyen dutse da ake kira mursalski da na'a-na'a da furen bishiyar lipa da wasu ciyayi, ta shanya a soro, ta haɗa ita kaɗai ƙofa a rufe. Mai tari ta ba shi, mai jego ta ba ta, wanda matarsa ta gudu ma ta ba shi. Ba ta taɓa rubuta abin da take sawa ba. Ni tun ina saurayi ba na son shayin nan, amma ba a cewa Ginka a'a, don haka na sha abin da zai cika rijiya. Buhun ƙarshe ya ƙare a sadakar arba'in ɗinta.

Ralitsa ta yi wata bakwai tana gwaji. Daga ƙarshe ta tsaya a kan haɗi uku, ta dafa kowanne a tukunyarsa, ta ce ranar Asabar da rana za a ɗanɗana a gindin tuffan gidansu, babanta ya faɗi wanda yake na mamanta.

Daren Juma'a bai yi ba Parvan ya same ni a lambu ina cire dankali.

Ya ce, "Gobe ba maganar daɗi ko rashin daɗi ba ce. Wanda ya fi kama da nata, ka taka sau ɗaya."

"Ni da ba na son shayin?"

"Shi ya sa. Abin da mutum ya ƙi ba ya manta shi."

Ranar Asabar muka hallara mu biyar. Ban da mu uku akwai Momchil, wani mai gidan giya a Plovdiv da ke son ya riƙa sayar da ta Ralitsa, saurayi mai gemu har ƙirji da ɗan littafi a hannu. Sai Zlata, maƙwabciyarsu, wadda ita ma sana'arta tsinkar ganye. Ita da Ginka ƙawaye ne na shekara arba'in, irin ƙawancen da kowacce ke leƙen kwandon 'yar'uwarta.

Ralitsa ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ajiye burodi da cuku da tulun ruwa don wanke baki. Na ja kujerar da ke kusa da Parvan.

Ta ce, "Kawu, koma can. Wurin Inna Zlata ne nan, rana ba ta dukansa."

"Ni ma rana tana damuna."

"Kai da ka yi shekara talatin a bayan gilashin bas? Koma can."

Na koma can ƙarshen tebur. Zlata ta zauna tsakanina da Parvan. Na auna da ido, na ga in na zame kaɗan a kujera ƙafata za ta kai.

Aka zuba ta farko. Launinta kamar zuma sabuwa, kumfa fara mai kauri. Parvan ya ɗaga kofin ya duba a rana, ya karkata shi, ya kalli yadda kumfar ke manne wa gilashi, ya sa hanci ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Duk wanda ya gan shi zai rantse akwai abin da ke shiga. Ya kurɓa, ya dubi ganyen tuffa.

Ni ma na kurɓa. Kamar ka shiga rumbun ciyawa bayan an ɗauke ruwan sama. Ba laifi, amma ba Ginka a ciki.

Momchil ya rufe ido ya ce, "Ina jin zuma, ina jin ɓawon itace, can ƙasa kuma akwai dutse mai laima." Ya rubuta.

Zlata ta ce, "Ka taɓa lasar dutse ne, ɗana?"

"A'a, Inna."

"To."

Kowa ya juya ga Parvan. Na zame a kujera, na miƙa ƙafa, na taka sau biyu.

Zlata ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Strahil, shekarata saba'in da huɗu. In kana da magana ka faɗa da baki."

Na ce ƙafata ce ta sage. Parvan ya ce ba ya yanke hukunci sai ya ji duka ukun, haka ƙa'idar take.

Ta biyu na'a-na'a ta yi mata yawa, kamar maganin tari da aka bar shi ya yi tsami. Momchil ya ce tana da ƙarfin hali. Zlata ta ce an tsinki na'a-na'ar bayan ta yi fure, kuma ba a gefen da rana ke fitowa ba. Ralitsa ta ce haka ne, ta rubuta a bayan hannunta. Ban sake miƙa ƙafa ba. Na yi tari sau biyu, amma Parvan ya ɗauka giyar ce ta sarƙe ni, ya miƙo mini ruwa.

Ta uku ita ce ta dame ni. Da na kai hanci sai ga soron Ginka, da jaridun da take shimfiɗawa, da igiyar da take rataye lipa. Na kurɓa. Farkonta daidai, tsakiyarta daidai, amma da na haɗiye sai ta wuce salin-alin. Shayin Ginka ba ya wucewa haka. Yakan kama harshe ya riƙe, ya bar baki a bushe kamar an yi maka faɗa. Ko da ina kusa da Parvan ban san sau nawa zan taka ba. Ba mu da alamar ɗaya da rabi.

Ralitsa ta ajiye kwalbar ta zauna. Ba ta taɓa kofinta ba tun da aka fara. Ta haɗa hannuwanta a kan ƙyalle, ta ce, "Baba, wacce ce?"

Parvan ya jera kofuna ukun a gabansa. Ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Na san zai iya cewa ta uku, ko ta farko, ya yi bayanin minti goma, Momchil ya rubuta, a buga a jikin kwalba, ba wanda zai taɓa musawa. Na ga ma ya buɗe baki ya ɗauko irin muryar da yake ɗaukowa. Sai ya dubi 'yarsa, ya rufe bakin.

Ya ce, "Ralitsa, ban ji komai ba."

"Ba ko ɗaya da ta yi kama?"

"Ba haka nake nufi ba. Shekarata biyu ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano. Da wannan da ruwan tulun nan duk ɗaya ne a wurina, sai dai wannan tana da kumfa."

Momchil ya rufe littafinsa a hankali.

Ralitsa ta ce, "Shekara biyu."

"Tun murar nan."

"Miyar waken da nake yi maka, kana cewa gishiri ya yi kaɗan?"

"Kawunki ne yake cewa."

Ta juyo ta dube ni. Na ce ai gishirin yana yin kaɗan ɗin.

Zlata ta ce, "Cukuna na bara, da ka ce akuyar ta ci albasar daji?"

Parvan ya nuna ni da haɓa.

"Akuyar nan na sayar da ita, Strahil."

Na ce ni taku biyu kawai na yi, albasar daji ba daga wurina ta fito ba.

Ralitsa ta tashi ta shiga gida. Muka ji ta buɗe famfo, ruwa yana ta zuba, ba abin da take wankewa. Parvan ya zauna yana juya kofi a kan ƙyalle. Zlata ta yanki cuku ta ci. Momchil ya tambaye ni ko bas ɗin ƙarfe huɗu yana zuwa ran Asabar, na ce yana zuwa in ya ga dama.

Da ta fito idonta ya yi ja. Ta tsaya a bayan kujerarta ta ce, "Wata bakwai ina hawa dutsen nan. Kullum in na dawo sai in kawo maka ganye in ce ka sansana, kana cewa na kusa. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Kin bar aikinki kin dawo don kina da uba mai harshe. Ban san yadda zan ce miki babu ba."

"Na dawo don ina da uba."

Ya ɗauki kofi na uku ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Amma ba ko ɗaya a cikinsu. Wannan ba sai da harshe ba. Dubi launin. Shayin uwarki ja ne, in ya kwana a kofi sai an goge da toka. Ganyen dutse ba ya yin haka."

Zlata ta daina tauna. Ta ce, "Na sha faɗa. Akwai saiwar da take haƙowa a bayan Baƙin Tsauni."

"Babu wata saiwa, Zlata."

"To mene ne?"

Parvan ya dubi ƙofar gida, kamar mai jiran a fito a hana shi. Sannan ya ce, "Baƙin shayi. Na kanti. Mai arha, na cikin jan kwali."

Ya ba mu labarin ba tare da ya ɗaga kai ba. Shekarar da suka yi aure Ginka ta dafa masa shayinta, na ganye zalla, ta tambaye shi yaya. Shi kuma lokacin sabon ma'aikaci ne, yana ji da harshensa, ya ce ƙamshi akwai amma ba ƙashin baya. Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A na huɗu ta ajiye masa kofi, ya kurɓa, ya ce yanzu ya tsaya da ƙafarsa. Ta ce to, tunda shi ya jawo, shi zai riƙa sayowa, kuma daga birni, kada mai kantin ƙauye ya sani. Duk Juma'a yana dawowa da kwali biyu a ƙasan jakar aikinsa, a naɗe cikin rigar datti. Ita kuma ta juye, ta ƙona kwalin a murhu. Cokali ɗaya a kowane tafi uku na ganye.

Zlata ta goge wuƙar cukun da gefen ƙyalle. Ta ce, "Shekarar da na karye a bayan Baƙin Tsauni, bin ta nake yi a ɓoye."

"Ta sani. Ita ta kira mutane suka sauko da ke."

"Me take zuwa yi can, in ba saiwa?"

"Ta ce wurin ba hayaniya. Takan ci burodinta ta ɗan yi barci."

Zlata ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wata biyu ina kwance, kullum tana kawo mini shayin." Ta miƙa wa Ralitsa kofi na uku, ta ce a ƙara mata.

Momchil ya yi gyaran murya. Ya ce shi a ganinsa ba sai an faɗa ba. An riga an zana takardar jikin kwalba, an rubuta ganyen dutse zalla, da hoton tsauni. Mutanen birni tsaunin suke saye. Ta uku ma ta isa haka, ba wanda ya san bambanci.

Ralitsa ta ce, "Kawu ya sani."

Na ce ni kada a sake sa ni a ciki.

Ta ce za ta sake dafawa, kuma za a rubuta baƙin shayi a jikin kwalbar, a layi ɗaya da sauran. Momchil ya ce to a rubuta da ƙananan haruffa. Ta ce da irin haruffan sauran. Ya shafa gemunsa, ya ce zai yi tunani. Bas ɗin ƙarfe huɗu ya zo biyar saura, na raka Momchil.

Labari bai kwana ba, don Zlata ta biya ta kanti a hanyarta ta gida. Mako biyu ba wanda ya kawo wa Parvan komai. Wani mai zuma ya daina gaishe ni. Mutum biyu kuma suka zo suka ce a sake duba shari'arsu, Parvan ya ce kotu ta rufe. Shi da Ralitsa sun yi kwanaki maganarsu ba ta wuce ta abinci ba. Daga baya ta ce tunda yana da ido da agogo, ya zo ya riƙa tsaya mata a kan tukunya. Ya fara zuwa kullum da safe da farar rigarsa ta masana'anta, wadda ta yi masa yawa yanzu.

Bayan mako shida ta huɗu ta nuna. Wannan karon ba a gayyaci kowa ba. Mu uku ne a ɗakin madara da hantsi, a tsaye, rafi yana wucewa a bayan taga. Ralitsa ta zuba daga tanki. Ta fito ja-ja, kumfar ta ɗan yi duhu. Parvan ya duba a haske ya ce launi ya yi.

Na kurɓa, na haɗiye. Ta kama mini harshe ta riƙe.

Ralitsa ta ce, "Yaya, Kawu?"

Na ce, "Ba na son ta."

"Kamar yaya ba ka so?"

"Kamar yadda ban so wancan ba. Ita ce."

Ta juya mana baya ta shiga gyara wani bututu da ba abin da ya same shi.

Parvan ya sha rabin kofinsa a hankali. Ya matso kusa da ni ya ce, "Faɗa mini, direba. Da baki."

Na ce ban iya irin maganarsu ba.

"Faɗi yadda ka iya. Me ya fara zuwa?"

"Lipa. Kamar ka buɗe ƙofar soron."

"Sai me?"

"Sai ɗan zaƙi, na hatsin. Sai na'a-na'a ta leƙo ta koma."

"Ta daɗe?"

"A'a."

"Madalla. Bayan ka haɗiye fa?"

Na sake kurɓa don in tabbatar. Na ce, "Baki ya bushe. Nan gefe-gefe. Kamar lokacin da Ginka take tsayawa a kanka sai ka shanye."

Ya tsaya da kofin a hannu, yana kallon rafi. Ya tambaye ni ko bushewar tana kaiwa maƙogwaro, na ce tana ɗan kaiwa. Ya ce to shayin ya jiƙa fiye da kima, a rage minti biyu a dafuwa ta gaba. Ralitsa ta ce daga inda take, ba ta juyo ba, minti ɗaya. Suka yi ta ja a kan wannan har na gama kofina na zuba wani. Daga ƙarshe aka tsaya a minti ɗaya da rabi, Parvan ya rubuta da alli a jikin tankin.